Fili Ba Ya Ci, Amma Fa Ba Ya Ciyarwa

Makonni biyu ke nan da na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi a wannan shafi game da tanadin tsufa, kuma har yau abin bai bar raina ba. Abin da marubucin, wanda zan kira Malam, ya ce a dunƙule shi ne, ma'aikaci ya ɗauka kuɗin da ake yanka masa na fansho sadaka ya bayar, kada ma ya sa su a lissafi. Hannun jari a wurinsa caca ce da aka yi wa kwalliya, sukuk da sauran takardun gwamnati kuwa rance ne ga wanda bai san kunyar bashi ba. Abin dogaro guda ne, ƙasa. Duk sisin da ya shigo hannunka ka kai shi fuloti, ranar ritaya ma ka karɓi iya abin da za a iya ba ka a dunƙule ka ƙara wani, domin fili ba ya ci, ba ya sha, ba ya ruɓewa. Na ji ana ta yabon rubutun a majalisu, har wani abokin aikina da ya rage masa shekara huɗu ya ajiye aiki ya ce mini ya samu mafita. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ba ƙarya Malam ya ƙaga ba, wannan kam dole in faɗa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, mu kuwa an sare mu ba sau ɗaya ba. A tsakiyar watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake samu a wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kafin shekara ta zagayo ta kai wajen 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 ya koma 70,000 a 2024, amma duk wanda ke zuwa cefane ya san tsohon albashin ya fi sabon auki. Mutumin da ya ajiye kuɗinsa a banki yana kallonsu a waɗannan shekarun, tamkar ƙanƙara ya ajiye a rana. Wanda ya sayi fili a gefen Kano ko Kaduna shekara 15 da suka wuce kuwa, galibi ya ga ninki. A nan ba ni da ja.

Inda muka rabu da Malam shi ne, ya amsa tambayar da ba ita aka yi ba. Ya nuna mana yadda mutum zai kare dukiyarsa daga narkewa, alhali abin da ke hana mai ritaya barci shi ne abin da zai miƙa wa uwargida gobe da safe. Albashi ne ya tsaya, abin da ake nema shi ne mai maye gurbinsa wata bayan wata, har ƙarshen rai. Fuloti kango bai taɓa turo wa kowa kuɗin cefane ba.

Kawuna ƙanin mahaifiyata hedimasta ne na firamare, ya yi shekara 35 cif yana koyarwa. Irin mutumin da Malam zai yi alfahari da shi ne, domin tun kafin a rubuta wannan shawara shi ya riga ya bi ta. Ta hanyar adashe da ɗaure ciki ya mallaki fulotai uku na awon igiya a bayan gari. Takardun suna cikin wata leda da ya naɗe da roba, a cikin akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin gado, kuma duk wanda ya kai masa ziyara ya daɗe sai ya ji labarinsu. Ya yi ritaya, giratuti ya maƙale, sai ga matarsa ta kwanta, likita ya ce sai an yi aiki kuma ba a so a wuce sati biyu. Ni na raka shi wurin dillali. Muka same shi a gindin wata darbejiya a kan benci, wayoyi biyu a hannu, ya tashi ya rusuna ya gaida Kawu, ya karɓi takarda ya juya ta gaba da baya. Tambayarsa ta farko ba ta fili ba ce.

"Baba, kuɗin nan da gaggawa ake nema, ko za a ɗan jira?"

Na taka ƙafar Kawu a hankali, amma malamin makaranta bai iya ɓoye-ɓoye ba. Ya ce masa iyali ce ba lafiya. Daga nan ciniki ya ƙare tun ba a fara ba. Kwana tara muna zarya. Wannan ya taya ya ɓace, wancan ya ce sai an kawo mai unguwa da maƙwabtan fili na gabas da yamma, wani ya ce shi ba ya sayen awon igiya sai da rangwame. A ƙarshe aka sallama a kan abin da bai kai kashi biyu cikin uku na kuɗin da aka sayar da na kusa da shi watanni kaɗan kafin nan ba, aka kuma cire la'ada da kuɗin shaidu. Da muka hau hanya Kawu ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ɗan nan, ashe fili sai mai ƙoshi." Da aikin asibitin rabin wannan kuɗin yake buƙata, haka nan dai zai sayar da filin gaba ɗaya, tunda ba a gutsurar fuloti kamar tsire a sayar da yanka biyu a bar saura.

Wannan shi ne aibin da masu wa'azin fili ba sa ambata. Farashin da ake faɗa a majalisa, wane ya saya kaza yanzu an taya kaza, farashin wanda ba ya neman sayarwa ne. Ranar da ka matsu, kifi na ganinka mai jar koma. Tsufa kuwa gidan matsuwa ne: hawan jini, ciwon suga, auren 'ya, kuɗin makarantar auta, ga ɗan da ya gama jami'a yana zaune.

Sai batun cewa fili ba ya ci. Yana ci mana. Yana cin kuɗin katanga, yana cin kuɗin mai duba maka shi, in na gwamnati ne yana cin harajin ƙasa duk shekara. A watan Maris na 2025 hukumar birnin tarayya ta soke takardun mallaka fiye da 4,700 a Abuja saboda masu su sun shafe shekara goma ko fiye ba su biya wannan haraji ba. Kuma akwai abin da ya kamata duk mai shirin ɗora tsufansa a kan ƙasa ya sani: tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma gwamna na da ikon soke shi in buƙatar jama'a ta taso. In an soke, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ka gina ko ka shuka ce. Kangon da ba ka aza ko bulo ɗaya ba, abin da dokar ta ce a ba ka a kansa bai wuce kwatankwacin harajin da ka biya a wannan shekarar ba. Mutanen Kano ba sa buƙatar a tuna musu rusau na Yunin 2023, lokacin da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi suka koma ƙura, alhali masu su na cewa da takardunsu daga gwamnatin da ta gabata. Ba shari'ar wa ke da gaskiya nake yi ba. Ina dai nuna cewa ƙasa ma tana da nata haɗarin, kuma ba ƙarami ba ne. Ka ƙara da fili ɗaya da aka sayar wa mutum uku, ka ƙara da gonakin Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da masu su suka yi shekaru ba su iya taka su ba.

Na san Malam zai ce ai ba kango yake nufi ba, a gina a sa haya. To, wannan ya fi kusa da hankali, amma a zauna da alƙalami. A ɗauka gida ya ci naira miliyan 30, ana karɓar haya miliyan ɗaya da rabi a shekara. Kashi biyar cikin ɗari ke nan, tun ba a cire gyaran rufi da yashe masai da fenti ba, tun ba a lissafa watannin da gidan zai zauna ba kowa ba, da ɗan hayan da zai ce maka Alhaji a yi haƙuri har wata takwas, kai kuma kana jin nauyin kai shi kotu domin sahu ɗaya kuke sallah. Kuma ma'aikaci nawa ne a cikinmu zai gina gidan zamansa, ya sake gina na haya, daga albashin mataki na 10 ko 12?

Yanzu ga fansho, inda na fi ganin shawarar Malam za ta cutar. Ya kafa hujja da badaƙalar kuɗin fansho ta Abdulrasheed Maina, wanda kotu ta ɗaure shekara takwas a watan Nuwamban 2021. Gaskiya ne an yi wannan ta'asa, amma a tsohon tsari aka yi ta, inda kuɗin ke fitowa daga kasafin gwamnati ya bi ta hannun jami'ai, ana cusa sunayen bogi. Irin wannan ɓarna ce ta sa aka kawo dokar 2004 a zamanin Obasanjo, aka sake ta a 2014 a zamanin Jonathan. A sabon tsari kowa da asusunsa da lambarsa. Kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke riƙe da su daban, hukumar PenCom na sa ido a kan duka biyun. Jinkirin da ma'aikatan tarayya suka sha yawancinsa ya samo asali ne daga haƙƙin shekarun da suka yi kafin 2004, wanda gwamnati ce za ta zuba, kuma a watan Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta amince a ciwo bashin naira biliyan 758 don biyan irin waɗannan basussuka. Jihohi kuma kowace da nata tsarin, wata ta shiga, wata ta yi nata daban kamar Kano da Jigawa, wata kuma tana yanka ba ta zubawa. Haɗa su duka a turmi ɗaya a daka zalunci ne ga mai karatu.

Ban ce tsarin ya wadatar ba. 'Yan sandan da suka yi ritaya sun yi ta zanga-zanga suna neman a fitar da su, kuma duk wanda ya ga abin da wasu ke karɓa a wata ba zai zarge su ba. Mafi yawan kuɗin, da suka haura naira tiriliyan 20 a 2024, an zuba su ne a takardun bashin gwamnatin tarayya, ribar da suka kawo kuma a 2023 da 2024 ba ta kamo hauhawar farashi ba. Duk da haka a duba lissafin nan. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Wato in albashin da ake lissafi a kai naira 100,000 ne, kai ka ba da 8,000, an ɗora maka 10,000 a ranar. Wane dillalin fili ne zai ba ka wannan? Mutumin da aka koya wa cewa kuɗin nan sadaka ne ba zai taɓa duba asusunsa ba, ba zai gane cewa wurin aikinsa ya yi wata 14 bai zuba ba, alhali doka ta ba su kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, da tara a kan wanda ya saɓa. Ba zai san tun Nuwamban 2020 yana da damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara in bai gamsu ba. Ba zai san akwai inshorar rai da doka ta wajabta wa mai aiki, ninki uku na albashin shekara, wadda iyalinsa za su nema in ya rasu yana bakin aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu tsagar da ta kai mai haƙƙi ya yafe haƙƙinsa tun ba a roƙe shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Malam bai ambaci cewa tun 2022 aka fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar amfani da har kashi 25 na abin da ke asusunsa a matsayin kafin alƙalami na lamunin gidan zama ba. Ga mai son ƙasa, ai wannan ce ƙofar da ya kamata ya fara nuna wa mutane.

Akwai kuma wani dalili da Malam ya taɓo a kaikaice, wanda na san shi ne na gaskiya a zukatan mutanenmu da yawa: tsoron riba. Wannan tsoro ne mai daraja, ba abin yi wa dariya ba. Sai dai kiɗan ya canza. Tun 2021 akwai asusu na shida a tsarin fansho, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, kuma duk mai so zai iya neman a mayar da shi can. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa ma suna nan: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Sukuk na farko na gwamnatin tarayya ya fito a watan Satumban 2017, naira biliyan 100, na shekara bakwai, da kuɗin haya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara ana biya sau biyu, kuma da naira 10,000 ma mutum zai shiga. Da kuɗin aka yi aiki a hanyoyi 25, har da sassan titin Kano zuwa Maiduguri. An biya hayar, an mayar da uwar kuɗi a 2024. Na yarda, naira dubu ɗarin da aka mayar ba ita ce dubu ɗarin da aka karɓa ba, ta rame ƙwarai. Amma tsohon da ke buƙatar kuɗi a hannu duk wata shida ba tare da ya je gindin darbejiya ba, wannan ya yi masa abin da fuloti ba zai yi ba.

Kan hannun jari ba zan tsawaita ba, domin a nan Malam yana da rabin gaskiya. Waɗanda suka shiga a 2007, wasu da bashin banki, sun ga tashin hankali: ma'aunin kasuwar ya kai wajen 66,000 a watan Maris na 2008, ya rikito zuwa wajen 20,000 a shekara mai bi, kuma sai a 2023 ya sake taka inda ya baro, shekara 15 ke nan. Wanda ya kai shekara 58 ba shi da wannan lokacin jira. Amma kiran abin caca kuskure ne. Wanda ya sayi hannun jarin kamfanin siminti ya mallaki wani yanki na masana'antar da ke sayar wa Malam buhun da zai yi katangar filinsa, kuma in an ci riba ana raba masa. Dangote Cement ya biya naira 30 a kan kowane hannu na shekarar 2023. Caca ita ce MMM da ta kulle da kuɗin mutane a Disambar 2016, da CBEX da ta maimaita a Afrilun 2025. Abin lura, irin waɗannan 'yan damfara sun fi samun kasuwa a wurin mutanen da aka gaya musu cewa duk hanyoyin da hukuma ta yi wa rajista yaudara ce. Mutum ya karɓi kuɗin sallamarsa, fili ya fi ƙarfinsa, an hana shi sukuk, an hana shi hannun jari, sai wani yaro mai ƙwalelen mota ya zo ya ce zai ba shi kashi 30 duk wata.

Da abokin aikina mai shekara huɗu a gaba zai saurare ni, ga abin da zan ce masa. Ya kammala gidan da zai zauna, wannan shi ne filin da babu jayayya a kansa, domin tsoho a gidan haya abin tausayi ne. In akwai rarar fuloti ɗaya mai takarda sahihiya, ya riƙe, ya kuma nuna wa matarsa da babban ɗansa inda yake, ya nuna musu shaidun, domin filaye da yawa sun bi masu su kabari. Bayan wannan, ya zauna ya rubuta abin da gidansa ke ci a wata, ya dubi abin da fansho zai ba shi, giɓin da ke tsakani shi ne aikin da ke gabansa. Ya cike shi da abin da ke kawo kuɗi a kai a kai: sukuk, shago ɗaya na haya in da hali, ɗan hannun jari a kamfanonin da ya fahimci sana'arsu, ko sana'ar da ya fara koya tun yana aiki, ba ranar da ya ajiye ba. Ya kuma ware abin da zai riƙe gida wata shida a inda zai iya cira cikin kwana ɗaya, ko da hauhawar farashi na ɗan gatsarsa, domin wannan shi ne kuɗin da ke hana a sayar da fili da asara. Ranar ritaya kuma kada ya dage sai ya kwashe iya abin da za a ba shi a dunƙule, domin duk abin da ya ɗiba a ranar daga fanshonsa na wata-wata aka rage shi.

Ga masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, waɗanda Malam ya ce su dama ba ruwansu da wannan magana, tun watan Maris na 2019 aka buɗe musu nasu ƙaramin tsarin, tela ko direba ya zuba abin da ya samu a lokacin da ya samu, wani kaso kuma yana iya cira in buƙata ta taso. Ba su shiga da yawa ba, kuma rubutu irin na Malam ba zai ƙara musu ƙwarin gwiwa ba.

Kawu yana nan da ransa, matarsa ta warke, alhamdu lillahi. Giratutinsa ya fito bayan shekara uku, a lokacin da kuɗin ba za su sayi rabin filin da ya sayar ba. Fuloti na biyu yana nan, an taya shi da daraja, ya ce ba zai sayar ba sai auren auta. Na ukun kuwa, da muka je dubawa bara, mun tarar wani ya zagaye shi da bulo har ya kafa ƙofa, shi ma da takardarsa, da sa hannun magajin wanda ya sayar wa Kawu. Maganar tana kotu, an ɗage zama sau biyar. Duk ƙarshen wata ni da 'ya'yansa biyu muke haɗa abin da za a ƙara a kan fanshonsa a sayi masara da maganin hawan jini, ledar takardun kuma tana nan a cikin akwati a ƙarƙashin gado.